Salular gobe: abin da ake faɗa a kanta, da abin da Ƙonni ke bukata

A wannan mako shafinmu na Hausa zai leƙa wani zance da ya zama ruwan dare a bakin matasa da ƴan kasuwa, tun daga tashar motar Birnin Ƙonni har rumfunan masu gyaran waya na Malbaza da Illela, watau zancen salular da ba ta fito ba tukuna. Kowace shekara, watanni kafin manyan kamfanoni su fitar da sabuwar waya, sai hotunanta su riga ta isowa. Wani ya ce za ta yi siranta kamar ɓawon albasa, wani ya ce za a riƙa naɗe ta kamar tabarma, wani kuma ya ce an toshe ƙofar da ake sa layi. Ana musu har da rantsuwa, alhali kuwa ba wanda ya taɓa riƙe ta a hannu.

Wani dattijo zai ce wannan hirar marasa sana'a ce. Mu dai ba mu ɗauke ta haka ba. Abin da maƙera suka yanke shawara a kansa a Kalifoniya ta Amurka, ko a Seul ta Koriya ta Kudu, ko a Shenzen ta ƙasar Sin, shi ne zai sauka kasuwar Ƙonni bayan shekara biyu ko uku, sabo ko na hannu, ta hanyar Legas da Kano da Sakkwato. Kuma da kuɗin albasar Galmi, da kuɗin ragon da aka sayar a Badagishiri, da albashin ma'aikacin simintin Malbaza za a saye shi. Saboda haka ya kamata mu san inda labarin yake fitowa, sa'an nan mu auna shi da tiyar garinmu.

Daga ina jita-jitar take fitowa?

Ba duka ne ƙarya ba. Salula guda ba hannu ɗaya ke ƙera ta ba: gilashi daga wata masana'anta, batir daga wata, idon ɗaukar hoto daga wata, sa'an nan a harhaɗa su a wata ta dabam. Abin da ya bi ta hannun dubban mutane kuwa ba ya ɓoyuwa. Masu ƙera rigar waya, robar nan da ake sa mata don kada ta fashe, su ne suka fi kowa ƙaguwa su san tsawonta da faɗinta, domin suna so kayansu su riga kowa isa kanti. Sukan samo awon daga ma'aikatan masana'antu, su zuba mutum-mutumin wayar da ƙarfe ko roba, kuma hoton wannan mutum-mutumi ne yawanci yake yawo a WhatsApp da TikTok. Akwai kuma hukumomin gwamnati, kamar FCC a Amurka da TENAA a Sin, waɗanda tilas a kai musu waya su gwada kafin a sayar, takardunsu kuwa sukan fito fili. Har ila yau akwai masu bin diddigin ciniki irin su Ming-Chi Kuo, wanda ya yi suna wajen hasashen abin da kamfanin Apple zai fitar, ta hanyar lura da kayan da kamfanin yake saye a masana'antun Asiya.

Wani lokaci ma sakaci ne kurum. A shekarar 2010 wani ma'aikacin Apple ya manta da samfurin iPhone 4 a wata mashaya a Kalifoniya, wanda ya tsinta ya sayar wa jaridar intanet mai suna Gizmodo a kan dala 5,000 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba), duniya ta ga wayar kusan wata biyu kafin ranar da aka ajiye domin nuna ta.

Amma fa a cikin hatsin akwai tsakuwa da yawa. Hotuna barkatai zane ne da wani ya yi da kwamfuta a ɗakinsa don ya tara ƴan kallo. Ko abin da kamfani ya nuna da kansa ba lalle ne ya kai kasuwa ba. Kamfanin Google ya yi shekaru yana nuna wata waya da ya kira Project Ara, wadda za a riƙa cire sassanta ɗaya-ɗaya ana sauyawa kamar kayan babur, amma a 2016 ya watsar da aikin. Abin takaici, a cikin dukan wayoyin da aka taɓa yi wa duniya alkawari, da wuya a sami wadda ta fi wannan dacewa da mu.

Jita-jitar tana da masu cin moriyarta, kuma a nan ne hatsarin yake ga talaka. Idan surar sabuwar waya ta riga ta zauna a idon mutane, sai masu jabu su sami kasuwa. A shekarar 2025 an yi ta cece-kuce a Nijeriya a kan tsohuwar iPhone XR, ƙirar 2018, da ake sauya wa gangar jiki a ƙasar Sin a mai da ita kamar iPhone 17. Idan mai sayarwa ya faɗi gaskiya, ciniki ne. Idan ya ɓoye, zamba ce. Abin da ya cika kantunan Legas da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kuwa, ba ya daɗewa bai ƙetaro iyaka ba. Wanda ya san waya ta hoto kaɗai shi ne ya fi saurin faɗawa tarko.

Siranta da naɗewa

A shekarar 2025 gasar manyan kamfanoni ta koma kan siranta. A watan Maris, wurin baje kolin wayoyi na birnin Basalona a Sifen, Tecno ya nuna samfurin Spark Slim mai kaurin milimita 5.75. A watan Mayu Samsung ya fitar da Galaxy S25 Edge mai milimita 5.8, a watan Satumba kuma Apple ya zo da iPhone Air mai milimita 5.6, a kan dalar Amurka 999, watau fiye da jika 500 na kuɗinmu tun ba a biya duwan ba. Yawancin abin da masu hasashe suka faɗa a kan waɗannan wayoyi ya tabbata. Tambayar da ba su cika yi ba ita ce: me aka rage har wayar ta rame?

Amsa ita ce batir. Shi ne ya fi kowane sashe cin wuri a cikin waya. Ana auna cikinsa da ma'aunin da ake rubutawa mAh a jikin kwali, kuma duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya duba wannan lamba da kansa. Batirin S25 Edge 3,900 ne, na iPhone Air bai kai 3,200 ba, alhali ƙaramar Itel ko Tecno da ke kan teburin ɗan kasuwar Ƙonni yawanci 5,000 take ɗauka. An kuma taɓa ganin ƙarshen matsa wa batir a ƙaramin wuri: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 baki ɗaya daga kasuwannin duniya saboda tana kamawa da wuta.

Mutumin da ke da lantarki dare da rana ba zai damu da wannan ba. Mu kuwa mun ga jiya mun ga yau. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasarmu ke sha daga Nijeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agusta na wannan shekara, ba a maido ba sai Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta rage wani abu, amma ƙauyukan Tajaye da Bazaga da Dogarawa nawa ne waya ba ta cin wuta sai an kai ta wurin mai caji an biya? Manomin da ya kwana a garka yana ban ruwa, ko makiyayin da ya yi kwana uku a daji, bukatarsa wayar da za ta raka shi ta dawo da rai. Ga kuma zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera wayarsa ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Ƙonni yakan wuce digiri 40 a inuwa, zafi kuma shi ne babban maƙiyin batir: yana rage masa kwana, yana kumbura shi. Siririyar waya ba ta da inda za ta watsar da zafin cikinta.

Adalci ya sa mu faɗi cewa akwai labari mai daɗi a nan. Maƙeran Sin sun fara amfani da wani sabon batir da aka haɗa da sinadarin silikon, wanda yake ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin wuri, har ana samun wayoyi masu 6,000 da 7,000. A cikin dukan abin da ake hasashe, wannan ne ya fi cancanta mu sa wa ido.

Game da wayar da ake naɗewa, tun shekarun baya masu hasashe suke ta faɗar ranar da Apple zai shiga sahu, bayan Samsung da ya fara a 2019, da Tecno da ya fitar da Phantom V Fold a 2023, da Huawei da ya kawo mai ninki uku a 2024. Tarihin ta farkon ya isa darasi. Samsung ya shirya sayar da Galaxy Fold a watan Afrilu na 2019, ya raba wa ƴan jarida su gwada, cikin ƴan kwanaki fuskokin waɗansu suka lalace, a wani ɓangare saboda datti ya shiga ta mahaɗin, dole aka ɗage fitowarta har Satumba. Wannan fa a biranen da ba su san hunturu ba ke nan. A jikin kwalin waya akan rubuta haruffa IP da lambobi biyu. Ta farko tana nuna tsaron ƙura, daga 0 zuwa 6, ta biyu tsaron ruwa. IP68 ba ta shan ƙura ko kaɗan. Galaxy Z Fold6 ta 2024 kuwa IP48 ce, ma'ana abin da take tarewa sai wanda ya wuce milimita ɗaya. Ƙurar da iska ke kwasowa a hanyar Tsernawa zuwa Tawa cikin watan Janairu ta fi garin tuwo laushi.

Ƙofar layi

Zancen da ya fi shafar mutanen bakin iyaka shi ne na katin layi. Tun 2022 iPhone ɗin da ake sayarwa a Amurka ba ta da ƙofar sa kati. Layin yana zaune a cikin wayar ne, ana kiransa eSIM, kamfanin sadarwa ne ke ɗora shi. iPhone Air ta 2025 haka take a duk duniya, kuma masu hasashe suna ganin sauran kamfanoni za su bi sawu, domin wurin da katin ya bari ana iya ƙara wa batir. Irin wannan waya tana iya riƙe layuka da yawa, wannan gaskiya ne. Amma a dubi yadda muke rayuwa. Tsakanin Ƙonni da Illela ta Nijeriya, takwarar Illelarmu, ƴan kilomitoci ne kaɗan. Ɗan kasuwar da ke kai wake da dabbobi yana dawowa da kayan masarufi yana riƙe da layin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom na wannan gefe, da MTN ko Glo na wancan gefe, yana sauyawa gwargwadon inda rezo ya fi ƙarfi da inda kira ya fi araha. Idan batirinsa ya mutu a kasuwa, sai ya zare kati ya sa a wayar abokin tafiya ya kira gida. Idan wayar ta faɗa rijiya, katin yakan tsira. Layin da ba a iya zarewa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai an nemi intanet ko an je ofishin kamfani. Wayoyin hannu da suka fito daga Amurka sun riga sun shigo kasuwannin Afirka ta Yamma, saboda haka mai saye ya juya gefen wayar ya nemi ƙofar da idonsa, ya kuma tambayi kamfanin layinsa kafin ya ƙirga kuɗi.

Ba wai ba a taɓa samun maƙerin da ya saurare mu ba. Kamfanin Transsion na Shenzen, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda aka kafa a 2006, ya gina arzikinsa ne a kan abin da manyan kamfanoni suka raina. Ya lura mutanen Afirka suna yawo da layi biyu ko uku, ya yi waya mai ƙofa biyu, har da mai huɗu. Ya ƙara girman batir. Ya gyara idon hoto domin fuskar baƙar fata ta fito sarai, ya sa Hausa da Suwahili da Amharik a cikin wayoyinsa, ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011. Sakamakon haka, a ƴan shekarun nan kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Shi ya sa ganin Tecno ya shiga gasar siranta ya sa mu ɗan ɗaga gira, ko da yake samfurin da ya nuna a Basalona yana ɗauke da batir 5,200. Muna fatan bai manta wanda ya goya shi ba.

Haruffan da suka ɓace

Akwai wani sashe na ƙirar waya da masu hasashen ƙasashen waje ba su taɓa kawowa a baki ba, shi ne kuwa ya fi kusa da zuciyar masu karanta wannan shafi: allon rubutu. A ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin binciken farko a duniya kan amfanin salula ga talaka. Malama Jenny Aker, a lokacin da take jami'ar Tufts a Amurka, ta nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, da rezo ya isa kasuwanni, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin fatake sun daina tafiya a makance. Daga 2009 kuma ita da ƙungiyar Catholic Relief Services suka gwada shirin ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa ɗaliban karatun manya rubuta saƙo da ƙaramar salula. Ɗaliban da suka sami wannan horo sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, dalili kuwa a bayyane yake: wanda yake rubuta saƙo kowace rana ba ya manta baƙi.

To yau ina aka kwana? Saƙon murya ya mamaye kome. Yana da amfani ƙwarai ga wanda bai yi karatu ba, ba mu musa ba. Amma wanda ya yi wata da watanni yana zama a rumfar yaƙi da jahilci bayan ya dawo gona, idan ya daina rubutu, karatun zai zube kamar ruwa a kwando. Wani abin da ke sa shi dainawa kuwa shi ne wayar kanta. Allon yana zuwa da Faransanci ko Ingilishi, ya rubuta kalmar Hausa wayar ta sauya masa ita da wata, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sun ɓuya inda sai gwani ke gano su. Ga shi kuwa baki daban baƙi daban, karya daban ƙarya daban. Akwai allon Hausa a manhajar Gboard ta Google, amma sai an shiga an kunna shi, kuma masu sayarwa kaɗan ne suke yi wa mai saye wannan hidima. Tun watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. A ganinmu, hukumomin sadarwa da na yaƙi da jahilci suna da hujjar neman duk wayar da za a shigo da ita ta zo da allon Hausa a kunne, malaman karatun manya na Ƙonni da Malbaza da Illela kuma su ware darasi guda don nuna inda waɗannan haruffa huɗu suke.

Inda doka ta fi jita-jita

Kada a ce ƙasa ba ta da ikon gaya wa maƙeri abin da zai ƙera. Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga ƙarshen Disamba na 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashenta ta zo da bakin caji iri ɗaya, USB-C. Apple, wanda ya daɗe yana turjiya, ya sauya tun 2023. Mai rumfar caji a Galmi, wanda dā yake tara igiyoyi iri-iri kamar mai sayar da ragama, shi ma ya ci moriyar dokar da ba don shi aka yi ba. Daga 20 ga Yuni na 2025 wata dokar ta tilasta wa kamfanoni su ajiye kayan gyara har shekara 7 bayan sun daina sayar da waya, batir kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Tunda abin da ke kai waya wurin mai gyara a garuruwanmu bai wuce fashewar gilashi da lalacewar bakin caji da kumburin batir ba, wannan doka ta fi kowane sabon launi muhimmanci gare mu. Turai dai tana da babbar kasuwa, shi ya sa ake jin maganarta. Ƙasa guda a Sahel ba za ta yi wannan nauyi ita kaɗai ba, sai ta haɗa murya da maƙwabta.

Akwai kuma wata salula da ba ta cika shiga hirar matasa ba, ita ce kuwa ta fi kusa da aljihunmu. A watan Oktoba na 2025, wurin taron Kigali a Ruwanda, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, tare da manyan kamfanoni shida na Afirka, cikinsu har da Airtel da MTN da Orange, suka gabatar da sharuɗɗan wata waya mai rezon 4G da suke so maƙera su yi a kan dalar Amurka 30 zuwa 40, watau abin da bai kai jika 25 ba. Sun kuma roƙi gwamnatoci su sauke haraji daga kan ƙananan wayoyi, suna kafa misali da Afirka ta Kudu, wadda a watan Afrilu na 2025 ta cire harajin kashi 9 cikin 100 daga wayoyin da kuɗinsu bai wuce rand 2,500 ba. Wannan sashe na zancen yana hannun ma'aikatan kuɗi da na duwan. Sauran yana hannun kasuwar duniya, kuma can iska ba ta busa ta wajenmu ba: a ƙarshen 2025 farashin ƙwayar ajiyar bayanai da ake sa wa waya ya yi tashin gwauron zabi, saboda manyan cibiyoyin kwamfuta suna wawushe ta, kuma ƙananan wayoyi ne suka fi jin jiki, domin ribar da ke kansu ƴar kaɗan ce.